Karin Kumallon Ido-Biyu

Duk wanda ya yi mako ɗaya yana aiki a maɗaba'armu ya san ba a taɓa Ido-Biyu. Kwamfuta ce baƙa, tsayinta ya kai ƙugun mutum, tana zaune a wani ɗan ɗaki bayan ɗakin faranti, inda sanyi yake sa haƙora kaɗawa ko da rana tsaka. Aikinta ta karɓi shafukan da masu tsara littafi suka gama, ta mayar da su ɗigo-ɗigon da ake ƙonawa a jikin faranti, shi kuma farantin a ɗaura shi a injin bugu. Duk abin da muka buga, daga katin gayyata har littafin makaranta, sai ya ratsa ta cikinta. An sa mata wannan suna ne don ba ta taɓa runtsawa ba. Shekara shida da ɗoriya ba a kashe ta ba, ba a kuma sake tayar da ita ba ko sau ɗaya.

Kawuna ne ya tsaya mata. Yayan Ummana ne, shi ya haɗa na'urar da hannunsa, shi ya jera mata batura a ƙarƙashin tebur har babu wurin miƙe ƙafa. Da aka tashi sauya mata ɗaki a shekarun baya, bai yarda an cire mata wuta ba. A baro ya ɗora ta, ita da baturanta, ya tura ta a hankali yana korar mutane daga hanya kamar mai ɗauke da maras lafiya. Har yau ana ba da labarin a wurin cin abincin rana. In ana bayarwa yakan yi kamar bai ji ba, amma za ka ga gashin bakinsa yana motsi.

Ni ma aikin hannunsa ce. Ina 'yar firamare na cusa cokali a soket ɗin ɗakinsa don in ga abin da ke ciki, wuta ta yi tsalle, gidan gaba ɗaya ya yi duhu. Maimakon duka, sai ya zaunar da ni, ya kwance soket ɗin ya nuna mini cikinsa. Tun ranar yake kirana Tartsatsi, 'yan gidanmu kuma suka ce ko ba don soket ba, sunan ya dace da bakina. Shi ya tura ni karatun kwamfuta, da na gama ya kawo ni maɗaba'a muna aiki tare. Sauran kwamfutocin maɗaba'ar duka a hannuna suke, in kashe in kunna yadda na ga dama. Ido-Biyu kaɗai ce sai dai in goge mata ƙura.

Fitinar ta fara ne da aka sayo sabon injin faranti. Ya zo da sabuwar manhaja mai sarrafa shafuka, Kawu ya ɗora ta a kan Ido-Biyu da dabararsa, ba tare da ya kashe ta ba. Manhajar tana da sauri, amma haɗamammiya ce, duk ƙarfin da ke jikin na'urar sai ta kwashe. Daga nan muka fara ganin ikon Allah. Shafuka su yi ta fitowa lafiya lau, can sai ɗaya ya fito da baƙaƙen zane a tsakiya, ko rabin hoto ya zame ya hau kan rubutu. A sake tura wannan shafin, ko wasali ba a canza ba, ya fito garau. In an yi sa'a a gani tun a faranti. In ba a yi ba, sai injin bugu ya gama cinye takarda da tawada.

Dogo, ɗan Kawu, shi ke kan injin bugu. Ni da shi ba ma iya gaisawa ba mu tsokani juna ba. Akwai wani shafi a littafin kimiyya mai nuna yadda talibambam yake zama kwaɗo, shafi ne mai launi da yawa, kuma ya fi kowane shafi lalacewa. Rannan kwaɗon ya fito kansa a bayansa, ƙafa ɗaya a cikin rubutu. Dogo ya yanko shi ya manna a ƙofar ɗakinmu, ya ce hotona ne ina fushi. Kowa ya yi dariya, ban da Manaja.

Manaja mace ce mai haƙuri, amma ranar ta kira mu ofishinta ni da Kawu, ga tarin lalatacciyar takarda a gefen teburinta ya kusa kai taga.

"Baba Injiniya," in ji ta, "ka san ina ganin girmanka. Ranar Litinin za mu fara buga littattafan kimiyya na makarantu, ba mu taɓa samun aiki mai girmansa ba. Akwai wani kamfani da ya ce zai kawo tasa na'urar, da nasa mutanen da za su riƙa kula da ita. Wallahi ba na so. Amma in faranti ɗaya ya sake lalacewa a aikin nan, Ido-Biyu za ta fita. Kuma in ta fita..."

"Na gane, ranki ya daɗe," in ji Kawu.

Ni ma na gane. In Ido-Biyu ta fita, kujerar Kawu ta bi ta. Ni ko an kawo kamfani goma ba za a rasa inda za a ajiye ni ba, amma shi fa? Tun da matarsa ta rasu, wadda muke kira Anti, aikin nan ne kaɗai ya riƙe shi a tsaye. Yana barin gida tun gari bai gama wayewa ba, ko ruwan zafi ba ya sha, Umma ta yi magana har ta gaji. In aka ce masa ya zauna a gida, na san zama ɗaya zai yi ya tsufa. Na fito daga ofishin nan zuciyata tana tafasa, ban ma san da wa nake fushi ba.

Kwana biyu na yi ina bin na'urar lungu-lungu. Fayafayan ajiya lafiyarsu ƙalau. Wayoyi babu mai motsi. Na ɗora manhajar a wata kwamfutar, ta yi aiki kamar ba ita ba. Har na fara zargin idona, sai na koma ga abin da ba wanda yake zargi, wato ƙwaƙwalwar na'urar kanta. Na nemo sanarwar da masu ƙera ta suka taɓa fitarwa, na karanta, na sake karantawa, na ji kamar in taka rawa a tsakiyar ɗaki. Ciwon Ido-Biyu ne aka rubuta tiryan-tiryan, har da maganinsa.

Dogo na fara tarewa da labarin, yana zaune a kan ɗaurin takarda yana cin abincin rana da baƙin hannu.

"Ka san furosesa?" na ce masa.

"Ba mu taɓa gaisawa ba."

"Ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. 'Yar mitsitsiya ce, ba ta kai tafin hannun jariri ba. A can cikinta akwai wasu ƙananan umarni da ke gaya mata yadda za ta bi kowane aiki, taki bayan taki. Sunansu maikurokod."

"Maiƙon me?"

"Maikurokod, sarkin ci. Irin ta Ido-Biyu an ƙera ta da wani ɗan kuskure. In aka haɗa mata aiki biyu masu nauyi a lokaci guda, wani sa'in sai ta ba da amsar da ba ita ba. Da babu wanda yake matsa mata, shi ya sa ba mu gani ba. Yanzu sabuwar manhajar nan ba ta bari ta numfasa."

"To a fasa ta a sa wata."

"Ba sai an fasa ba. Masu ita sun aiko da sabon maikurokod da ke gyara mata tafiya, ya fi shekara uku da fitowa. Sai dai ba ya zama a jikinta. Duk lokacin da ta farka ta manta da shi, sai an sake ba ta, kuma da zarar ta buɗe ido, kafin ta taɓa kowane aiki."

Dogo ya tsaya da tauna. "Au, karin kumallo ke nan."

Na buɗe baki zan ce masa shirme yake, sai na ga babu inda ya yi kuskure. Ni da na yi shekaru a aji ban taɓa jin wanda ya faɗe shi daidai haka ba, amma ko za a yanka ni ba zan gaya masa ba.

"To ki ba ta mana," ya ce.

"Na dafa, na zuba, na ajiye a inda za ta gani da ta farka. Amma yaushe ta yi barci, balle ta farka?"

Dogo ya dubi ƙofar ɗan ɗakin sanyi, ya dube ni, ya ce, "Allah ya ba da sa'a," ya koma kan abincinsa.

Kawu ba mutumin da za a yi wa bayanin maikurokod ba ne, ya san shi tun ina cusa cokali a soket. Ya karanta sanarwar da tabarau a kan hanci, ya gyaɗa kai, ya ce bincikena ya yi kyau. Sannan ya fara zagaye.

"A ba ta tana cikin tafiya. Ana yin haka."

"Ana yi, Kawu, amma dubi nan ƙasa. Wannan gyaran sun ce sai a wurin tashi. In aka ɗura mata tana aiki, tana iya sandarewa gaba ɗaya."

"Fayafayanta sun tsufa. Faifan da ya shekara shida yana juyi, in ya tsaya ba lalle ya sake tashi ba."

"Na kwafe komai a sababbi, na gwada kwafin, yana buɗewa."

"In ta ƙi tashi fa?"

"Ga filashin ceto a aljihuna, da shi zan tayar da ita. Gobe Juma'a, jibi Asabar babu bugu, yini guda muke da shi."

Ya cire tabaraunsa, ya naɗe, ya sa a aljihu. "A'a," ya ce.

Nan sunana ya bi ni. Na ce masa kwamfuta ce, ba mutum ba ce. Na ce yana so a kore shi daga aikin da ya gina da hannunsa don kawai a riƙa ba da labarin baro a wurin cin abinci. Na ce girman kai ne, ba ilimi ba. Duk wannan da murya ta sama, har na ji injin Dogo ya yi shiru. Kawu ya ɗauki hularsa ya fita, ya ja ƙofar a hankali don kada sanyi ya fita.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Umma ta tsaya a bakin kicin da ludayi a hannu, ta wanke ni tas. Ta ce ko Kawu ya ce a jefa kwamfutar a rijiya, ba ni ce mai ɗaga masa murya a gaban ma'aikata ba. Na ce ai don shi nake yi. Ta ce ta sani, shi ya sa ludayin bai sauka a kaina ba.

Da safe na same shi a ɗakin sanyi, zaune a kujerarsa ta kullum. Na durƙusa na ce ya yafe mini. Ya ce in tashi, ƙasan akwai sanyi. Na tashi na zauna a gefensa, fankar na'urar tana ta ƙara.

"Kin san wanda ya kunna ta?" ya ce.

"Kai mana."

"Antinki ce." Ya shafa gefen na'urar da bayan hannu. "Ranar da na gama haɗa ta na fito ban karya ba, sai ga ta da shuɗin fulas ɗin nan nata, da burodi a leda, tana faɗa. Na ce to tun da kin zo, ki sa mana albarka, danna nan. Ta ce ita tsoron wuta take ji. Ta rufe ido ta danna da ɗan yatsa ɗaya, fanka ta tashi, ta yi tsalle ta koma bayana tana dariya. Wata huɗu bayan nan ta kwanta."

Ya ci gaba, idonsa a kan na'urar.

"Kayanta an raba. Ɗakinta an yi fenti. Ko ƙamshinta ya bar gidan. Abu ɗaya ne ta fara da hannunta da har yau bai tsaya ba." Ya dube ni. "Na san maganarki gaskiya ce, Tartsatsi. Hannuna ne ba ya zuwa."

Kunya ta rufe ni, tausayi kuma ya cika mini ciki har ban san inda zan sa idona ba. Sai na sa shi a kan na'urar. A ƙasan madannin da Anti ta danna akwai wata 'yar koriyar fitila, ba ta kai ƙwayar wake ba. Kullum ina goge ta, ban taɓa tunaninta ba.

"Kawu," na ce, "me Anti ta kunna?"

"Wace irin tambaya ce wannan?"

"Wuta ta kunna. Madannin nan wuta yake bayarwa, ga fitilarsa. Mu kuwa ba wuta za mu cire ba. Umarni za mu rubuta mata ta sake tashi. Fanka ba za ta tsaya ba, fitilar nan ba za ta mutu ba. Gyangyaɗi kawai za ta yi ta farka, kuma shi ya ishe ta ta karya."

Ya yi tsaki. "Ni za ki koya wa bambancin kashewa da sake tayarwa?"

"Allah ya tsare ni."

Amma idonsa ya sauka a kan fitilar, bai ɗauke ba. Can ya ce, a hankali kamar da kansa yake magana, "Shekara shida ina duba tsawon lokacin da ta yi a farke. Ban taɓa duba wannan ba." Ya ja numfashi. "Gobe da safe. Ki zo da filashin naki."

Ranar Asabar maɗaba'a ta yi tsit, sai warin tawada. Mu uku ne. Ban gaya wa Dogo labarin Anti ba, amma na san babansa ya gaya masa, don ya shigo bai ce mini ko kwaɗo ba, ya tsaya a bakin ƙofa hannuwansa a baya. Na sake duba kwafin fayafayan. Na rubuta lambar tsohon maikurokod a tafin hannuna da biro, don in ta canza kada wani ya ce mini idona ne. Kawu ya jawo kujera, ya ɗora tafinsa a kan na'urar.

"Bismillah," ya ce.

Na rubuta umarnin, na danna. Rubutu ya yi ta gudu a allo, ayyuka suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Sai allon ya yi baƙi ƙirin.

Ba wanda ya kalli allon. Dukkanmu fitilar muke kallo. Fanka ta yi wani gurnani ta ɗaga murya, sannan ta sauko ta koma yadda take. Fitilar ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Allo ya kawo haske, amma Ido-Biyu ba ta yi gaggawa ba. Ta ce ta daɗe ba ta binciki fayafayanta ba, sai ta bi su kaf kafin ta tashi. Wani ɗan layi ya fara rarrafe daga hagu zuwa dama. Wajen tsakiya ya tsaya cak, ya ƙi gaba ya ƙi baya, har na fara lalubar filashi a aljihu. Kawu ya ce, "Bar ta. Wurin hotuna ta kai, suna da yawa." Gaskiyarsa, layin ya motsa. Da ya kai ƙarshe, sai ga ta ta tashi, tana tambayar sunan mai shiga kamar ba abin da ya faru.

Dogo ya kurma ihu ya daki ƙofa. Kawu ya sauke wata ajiyar zuciya, ya goge fuska da hula. Ni kuwa na yi maza na shiga, na tambaye ta lambar maikurokod ɗinta, ina murmushi tun kafin amsa ta fito.

Tsohuwar lambar ce. Na dubi tafin hannuna, na dubi allo. Babu bambanci ko na ɗigo.

"Mene ne?" in ji Dogo.

"Ba ta ci ba."

Na sa mutumin nan ya yi abin da ya fi ƙarfin zuciyarsa, kuma a banza. Na bi aikina da sauri: sabon maikurokod yana nan, yana cikin ƙunshin da take buɗewa a farkon tashi, daidai inda ya kamata. Abinci a gabanta, ta tsallake shi ta wuce. Hawaye suka fara taruwa mini, na haushi, ba na komai ba.

Sai na ji Kawu yana dariya. Ba ƙarama ba, irin wadda kafaɗa ke rawa. Na juyo a fusace.

"Matsa," ya ce. "Matsa, 'yar nan. Naki aikin daidai ne."

Ya zauna a gaban allo, ya buɗe wurin da ake rubuta wa na'ura yadda za ta tashi. A ƙarshen wani dogon layi akwai wata 'yar gajeruwar kalma. Ya sa yatsa a kanta.

"Ni na ɗaure mata baki. Lokacin da nake haɗa ta, wani abokina ya sa wa tasa sabon maikurokod da bai nuna ba, ta ƙi tashi sam. Na ce ni ba da ni ba. Na rubuta wannan, ma'anarsa ko an ajiye mata kada ta ɗauka. Na ce in abubuwa sun lafa zan cire." Ya girgiza kai. "Ga shi sun lafa."

"Wato Baba, kai ka hana ta karyawa," in ji Dogo. "Ashe abin a jini yake."

Na zaci zai ji haushi. Sai ya ce, "Rufe mana baki, mai baƙin hannu," yana goge kalmar harafi-harafi. Ya adana, ya sabunta saitin tashi. Sannan ya tsaya, don ni da shi mun san abin da ya rage: sai an sake tayar da ita. Na miƙa hannu zan karɓi kibod, in sauƙaƙa masa. Ya buge mini hannu kamar yadda yake yi ina yarinya.

Da yatsunsa ya rubuta umarnin. Bai rufe ido ba, bai ja lokaci ba, ya danna.

Wannan karon ba ta ɓata lokaci ba, kafin Dogo ya gama addu'ar da ya fara ta tashi. Kawu ya tambaye ta lambar. Na kai tafin hannuna kusa da allo muka gwada, mu uku, kawunanmu a haɗe. Sabuwa ce. A saman bayanan tashinta ma ta rubuta da kanta cewa ta karɓi sabon maikurokod da wuri, kafin komai.

"Ta ci!" Dogo ya ɗaga ni sama da kujerata gaba ɗaya, ina zaginsa ina dariya. "Ta ci, ta suɗe kwano!"

"Sauke ta," in ji Kawu. "Lamba ba faranti ba ce. Kawo kwaɗon."

Muka haɗa mata gwajin mugunta. Shafin kwaɗo, da shafin ƙashin mutum, da taswirar taurari, duk masu nauyin muka tura mata a lokaci guda, muka maimaita, muka sake maimaitawa. Fanka ta yi ta huci. Na sa wata kwamfutar tana gwada kowane sakamako da na farko, ɗigo da ɗigo. A makon da ya wuce da tuni ta yi ɓarna tun kafin mu gyara zama. Rana ta take, ta karkata, inuwa ta shigo ta tagar ɗakin faranti. Kwaɗo ya yi ta fitowa da kansa a gaba, ƙafafunsa huɗu a inda Allah ya sa su, har muka gaji da ganinsa.

Litinin injin bugu ya tashi da ƙarfinsa. Manaja ta tsaya a bakin injin da kanta, tana zaro takarda tana ɗagawa a haske. Ta dawo Talata ta yi haka. Zuwa Laraba ta daina zuwa. Muka cinye makon, littattafai suka taru har rufi, motoci suna ɗiba, faranti ko ɗaya bai koma kwandon shara ba. Ni kuwa tafiyata ma ta canza, ina ratsa ɗakin bugu kamar ni na ƙera furosesar, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba.

Ranar Juma'a da yamma Manaja ta shigo ɗakin sanyi, abin da ba ta saba ba, tana naɗe hannu a mayafi.

"Baba Injiniya, na buga wa mutanen nan waya, na ce mun gode, muna da namu." Ta dubi Ido-Biyu. "Wai me ya same ta ne?"

"Yunwa ce, ranki ya daɗe," in ji Dogo ta bayanta.

Ta dubi Kawu don ta ji gaskiyar magana. Ya gyara tabarau, ya ce, "Yaron nan bai yi ƙarya ba. Tartsatsi ce ta gano. Daga yanzu duk lokacin da sabon maikurokod ya fito, za mu gwada shi a wata na'urar, in ya yi kyau mu ba ta. Za ta riƙa ɗan gyangyaɗawa ranar Asabar."

"Ido-Biyu? Da bakinka?"

"Da bakina."

Washegari na iso da wuri kamar kullum, na tarar da ɗakin sanyi a kulle. Ban taɓa riga Kawu zuwa ba tun da na fara aiki. Na buɗe, na goge ƙura, na zauna ina ta kallon ƙofa, har na ɗauko waya zan kira Dogo in ji ko lafiya. Sai ga su tare. Dogo yana riƙe da burodi a leda. Kawu kuma ya rungumo wani shuɗin fulas da fentinsa ya ɗan koɗe a wuya. Rabon da in gan shi tun Anti tana da rai.

Ya ture wayoyin da ke kan tebur, ya ajiye fulas ɗin kusa da na'urar, gefen da koriyar fitilar take. Ya murɗe murfin, tururi ya tashi a cikin sanyin. Ya jera kofi uku, ya zauna a kujerarsa, ya gyara zama sosai.

"Me kuke kallo?" ya ce. "Ita ta ci nata. Tartsatsi, yanko mini burodin nan, da kauri."